Mai Faɗa da Teku

Ga wani dattijo a rumfar mai iri, hula a karkace, rediyo manne da kunne. Rediyon yana cewa ruwan teku ya ɗumama, don haka damina za ta makara.

Dattijon ya ce, "Tekun da ban taɓa gani ba? Me gerona ya yi masa?"

Mai iri ya ce, "Baba, mai saurin nuna zan auna, ko naka na gado?"

In dattijon ya kuskure, rumbunsa wayam bana. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama don jin iska, kamar yadda marigayi aminina yake yi. Sai ya kife rediyon da hula, ya rage murya: "Mai saurin. Kada ya ji."

Na juya in taɓo aminina mu yi dariya, hannuna ya sami iska.