Tutar da Aka Bar wa Jumdail

A tsibirin Kagayan da ke tekun Sulu, ba a kiran Jumdail sai da "mai tuta". Asalinsa masunci ne. Ranar da sojojin Sifaniya suka tattara komatsansu bayan sun sha kashi a hannun Amurka, hafsansu ya damƙa masa tutar bakin gaɓa, ya ce ya riƙe har ya dawo. Jumdail ya karɓa da hannu biyu a gaban liman. Shi ke nan, ta zama amana.

Da Turawa suka zauna rabon ƙasa, layin da suka ja a takarda ya bar Kagayan a waje. Shekara biyu ba wanda ya leƙo. Shi kuwa kullum bayan asuba sai ya ɗaga tutar, kafin magariba ya sauke. Iskar teku ta yi ta cinta. Duk inda ta yage, matarsa Salasiya ta yanki zanen aurenta mai ja da rawaya ta yi faci.

"Malam, saura ɗankwalina," in ji ta.

"Ke dai ɗinka. So kike in je lahira da kayan mutane a wuyana?"

"Mutanen da ko sunanka ba su iya faɗa ba."

Tsufa ya fara taɓa shi, ga tari. Ba ya tsoron mutuwar kamar yadda yake tsoron ta riga mai tutar zuwa.

Wata ranar Laraba jirgin Amurka ya iso. Tafintansu, wani saurayi mutumin tsibirin Jolo, ya karanta sabuwar yarjejeniya: tsibiran da aka manta, yanzu an haɗa da su a rabon Amurka.

"Baba, sauke ta ka miƙo," in ji tafinta.

"Kai ka ba ni, ɗana?"

"Mai ita ba zai dawo ba. Ya sallama."

"To ka san gidansa?"

Tafinta ya sosa ƙeya, ya ce akwai wakilin Sifaniya a birnin Manila, zai kai masa hannu da hannu. Jumdail ya sa aka kira liman.

"Dakata," in ji Salasiya. "Su aka ce sun sallama. Ni ban sallama zanena ba."

Ta zauna a kan rairayi da 'yar wuƙa tana warware facinta ɗaya bayan ɗaya, sojoji na tsaye a rana suna jira. Da ta gama, abin da ya rage na Sifaniya bai cika tafin hannu ba. Jumdail ya naɗe shi a ganyen ayaba, ya miƙa da hannu biyu.

"Liman, ka shaida."

Kashegari bayan asuba sai ga shi a gindin sandar tutar, hannu wayam. Ya ɗan tsaya, sannan ya koma gida ya tambayi Salasiya inda ta ajiye masa tarunsa.