Ba a Yi wa Yaya Aski Ba Ta Nan

Mai aski na bakin layi a gindin bishiya guda ya yi furfura: kujera ɗaya, almakashi a aljihu, madubi a reshe. Yaya yake ce wa bishiyar, wai ta riga shi zuwa duniya. Kullum da safe sai ya gaishe ta, ya tuttula mata kofin ruwa kafin ya kurɓi nasa. Kakarsa ce ta koya masa cewa duk abin da ke shan ruwa yana da haƙƙi, shi kuwa ya riƙe maganar gam. Ko ƙusa bai taɓa buga mata ba, da igiya yake rataye madubin.

Matarsa kan ce, "A gaida Yaya, a tambaye ta ya ƙafa!"

Ana nan sai ga sabon maƙwabci, Mai Mota. Tsuntsayen Yaya suka yi wa motarsa zane, ya rantse sai an sare ta, ya kira taron 'yan layi a falonsa. Hankalin mai aski ya tashi ƙwarai, ya garzaya wurin taron.

"Haba jama'a," in ji shi, "ni da sana'ata na sani, ba a yi wa mutum aski ba ya nan. A zo gabanta a yanke hukunci."

Aka yi dariya, aka zo. Rana kuwa ta take, kowa ya cusa kai cikin inuwa.

"To," in ji mai aski, "mai son a sare ya fita can rana ya tsaya, mu ƙirga."

Tela ya duƙa gyaran takalmi. Mai shago ya kama tari. Mai Mota kaɗai ya fita, ga sanƙo yana ƙyalli, gumi har cikin kunne. Ya cije, ya daɗe, ya ƙi motsi. Can sai aka ga inuwa ta rufe masa kai.

"A'a, maƙwabci, ka dawo ke nan?"

"Wallahi ban motsa ba! Ita ta biyo ni!"

Mai aski ya yi dariya har ya zame daga kujera, hawaye shaɓe-shaɓe, don daɗi ya ishe shi. "Ka ga halin Yaya? Kana neman ranta, tana bin ka da inuwa."

Washegari ya fito da kofinsa, ya tarar gindin Yaya a jiƙe. Wani ya riga shi.