Aron tabarau

Muna zaune a unguwar Cheetham Hill ta Manchester, a wani flat saman shagon yadi, a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Ma'aikaciyar da ke zagaya makarantu tana duba idon yara aka daina ganinta. Sai da 'yata ta kusa shekara bakwai kafin a gano idonta na hagu ba ya gani sosai. GP, likitan unguwarmu, ya ce sunan abin lazy eye, wato raggon ido. Maganin shi ne a liƙe mai lafiyar da filasta, raggon ya tashi ya yi aiki.

Ta tsani filastar nan. Kullum da safe sai mun yi kokawa, ta ɓanɓare, in sake liƙawa, har fatar wurin ta saɓule. Ana haka babanta ya ji labarin wani bincike a Birmingham, wai tabarau ne na musamman, yaro ya sa yana wasa a kwamfuta, idon ya gyaru ba filasta. Muka shiga. Tun farko an faɗa mana ƙuri'a ce za ta raba yaran gida biyu, ta kuwa jefa 'yata cikin masu filasta. Ban ji haushi ba. Muka ci gaba da hawa jirgin ƙasa ana auna ta.

Wata rana muka tarar an ƙawata wurin da furanni, ga mai ɗaukar hoto. Masu ba da tallafi ake jira. Wata mata mai tallata aikin cibiyar binciken ta leƙo ɗakin jira, ta bi yaran da kallo kamar mai zaɓen tumatir, idonta ya tsaya kan 'yata da ɗan hijabinta.

"Za ki ba mu aron ta na ɗan lokaci?" in ji ta.

Na zaci wani gwajin ne. Aka cire filastar, aka ɗora mata tabarau, aka kunna wasan. Yarinyar nan ta dinga ƙyalƙyala dariya, baƙi suna tafi, mai hoto yana ta ɗauka. Baƙin na juya baya matar ta zare tabaran.

"Mama, ya zama nawa?" 'yata ta tambaye ni da Turancinta na 'yan Manchester.

Matar ce ta amsa. "A'a, 'yan mata, ke ba 'yar wannan rukunin ba ce." Ta manna mata ɗan tauraro na takarda a riga, ta miƙo mini takarda in sa hannu a buga hoton.

Na ajiye mata biron ban sa hannu ba. Likitar da ke auna 'yata ta biyo ni ƙofa, kanta a sunkuye, ta ce in ba su samu tallafin ba binciken zai mutu. Na san gaskiya ta faɗa, kuma bai rage mini ƙyamar abin ba. Ta kafaɗarta na hango matar ta koma ɗakin jira tana sake zaɓe.

Ni na liƙa sabuwar filasta a cikin jirgi, 'yata ba ta ko yi gardama ba. A gida na ce mun bar binciken.

"Maman yara, idonta muke nema, ba matar ba," in ji babanta.

Muka ƙarasa binciken. Idon ya ɗan farfaɗo, bai kamo ɗan uwansa ba. Yanzu tana uni, wato jami'a, tana karatu da gilashi mai kauri a gefen hagu.