Ranar da Guduma Ya Cire Kansa

Kowa a unguwar Limawa ta Dutse yana iya ba da labarin ƙafar daman Baffa Muntaka, amma ba wanda ya lura cewa tun wajen 1999 ya daina ɗaure igiyar takalminsa a tsaye. Sai ya nemi dutse ya zauna, ya jawo ƙafar da hannu biyu, yana yi yana jan mutane da hira don kada a gane.

Kafinta ne, ƙofofi da bencina yake yi. Shekarar da Dutse ta zama babban birnin jiha, matasan unguwa suka kafa ƙungiyar ƙwallo, aka ba shi lamba tara. Ko a lokacin bai iya gudu ba. Tsayawa yake yi kusa da raga kamar mai jiran motar Kano, in ƙwallo ta zo ya ɗirka mata ƙafa sau ɗaya. Golan da ya yi gangancin tare ta yakan kwana biyu yana cin tuwo da cokali. Daga nan aka sa masa Guduma.

Shekaru suka ja. Abokan wasansa suka yi tumbi, suka koma kallo. Da aka ƙaddamar da shari'a, aka fara maganar rufe gwiwa, shi ne na farko da ya shiga fili da dogon wando, har dattawa suna yaba masa. Matarsa Adama ce kawai ta san bandeji nawa ke ƙarƙashin wandon nan.

Shi kansa ya san lokaci ya yi. Amma a ganinsa ɗan wasa ba ya guduwa daga fili. Koci ne ke cire shi, ya fito ana tafi. To, kocin, Zailani, shi ne ya auri Zulfa, 'yarsa ta fari. Mutumin da ba ya iya kiran sunanka, ba ya haɗa ido da kai, in ya hango ka sai ya cire takalmi ya durƙusa, ta yaya zai ɗaga hannu ya ce fito? Shekara biyu suna jiran juna. Sagiru, wanda ya kamata ya gaji lambar, ya zauna a benci har ya tara gemu.

"Ka faɗa masa mana," in ji Adama.

"In faɗa wa surukina na gaji? Ke ma dai."

Wata Asabar suka kara da 'yan Miga. Ana dab da hutun rabin lokaci ƙwallo ta faɗo gabansa. Ɗan bayan da ke tsaronsa ya ɗan matsa gefe, har da cewa, "Bismilla, Baffa." Ya buga. Shi ya san bugun ba ƙarfi, ko kaza ba zai kora ba. Golan ya dube shi, ya dubi ƙwallon, sannan ya faɗi ɗaya ɓangaren a hankali, cikin ladabi. Ƙwallo ta gangara cikin raga.

Fili ya ɗauki ihu, "Guduma! Guduma!" Shi kuwa kunya ta rufe shi. Shekara goma sha ɗaya ana tsoron ƙafarsa, yau an koma girmama ta.

Bai jira a mayar da ƙwallo tsakiya ba, ya tako har bakin layi. Zailani na ganinsa ya zube ƙasa.

"Malam koci, ba ka ga abin da yaran nan suka yi min ba?"

"An gani, Baba. Allah ya ƙara lafiya."

"To, me kake jira?"

Zailani ya ƙura wa ƙasa ido. "Baba, ai ni ban isa ba."

Baffa Muntaka ya juya, ya ɗaga wa alƙalin wasa hannu da kansa, ya tuɓe rigar ya miƙa wa Sagiru.

"Ungo. In suka ce maka bismilla, kada ka yarda."

An yi tafin, har da 'yan Miga. Da ya zauna, bencin ya yi ƙara ya karkata. Ya leƙa ƙarƙashi, ya ga ƙafa ɗaya ta saki. Da la'asar sakaliya, bayan kowa ya watse, ya dawo da ƙusa uku ya gyara ta.