Ɗigon Jan Biro

Shekara talatin da ɗaya Kafinta ya yi yana ƙera gadon jarirai a wani shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai faci da mai gyaran fanka. Ko allon suna bai taɓa kafawa ba. Tallarsa duka tana cikin wani littafi mai baƙin bango: duk wanda ya sayi gado, sai ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da watan haihuwar. In yaro ya shekara biyu, sai ya kira uban su gaisa, can ƙarshe ya ce, "Ƙafar mutumin ba ta fara taɓo katako ba?" Uban ya yi dariya, ya zo a auna babban gado.

Da gadajen roba suka cika kasuwa, ciniki ya ja baya, har yakan yi sati bai taɓa zarto ba. Autarsa kuwa sana'arta ke nan, kamfanoni ke ɗaukarta ta koya musu jawo masu saye ta waya da intanet. Abin yana ci mata rai, tana raya kasuwar wasu, ta ubanta na mutuwa.

"Baba, kana zaune a kan dukiya kana hamma," in ji ta. "Ara mini littafin nan kwana biyu."

Ya ba ta, don bai iya hana ta komai ba. Ta kwashe lambobin kaf ta zuba a kwamfuta, ta zaɓi duk wanda ya sayi gado shekara biyu zuwa biyar da suka wuce, ta tura musu saƙo ɗaya da hoto: "Jaririnku ya girma, lokacin sabon gado ya yi." Ta ga ɗigon jan biro a gefen wasu sunaye, ta ɗauka manyan masu saye ne. Ba ta tambaya ba, shi ma bai faɗa ba, don bai taɓa zaton wani ido zai karanta littafin ba.

Dabarar ta ci, ba ƙarya. Kafin sati ya zagayo an ba shi aikin gado huɗu, har ya fara tsokanarta da "Manaja".

Ranar da ta zo ɗaukar sababbin hotuna da hantsi, sai ga motar haya ta tsaya. Wani malamin makaranta ya sauko da ƙaramin gado daga samanta, ya ajiye a bakin ƙofa. Ko ledar katifar ba a cire ba. Kafinta na ganin fuskarsa ya tuna jan ɗigon da ke gefen sunansa. Ɗigon nan alama ce ta gidan da yaron bai rayu ba, gidan da ya je ta'aziyya, wanda ba a kira da zancen gado har abada.

"Wayar matata saƙon ya shiga," in ji malamin, murya ƙasa-ƙasa. "Shekara biyu yana rufe a ɗaki. Jiya ta ce in fitar da shi."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Kafinta. Bai ko kalli inda 'yarsa take ba.

"Laifina ne, Malam. Ka yafe mini."

Malamin ya gyaɗa kai kawai, ya shiga mota.

Auta ta buɗe littafin, ta bi shafukan da yatsa. Jan ɗigo bakwai ne a cikin waɗanda ta tura wa.

"Baba, bari in tura musu saƙon ban haƙuri yanzu."

"A'a, Auta. Wannan da ƙafa ake zuwa."

Ya shigar da ƙaramin gadon ciki, ya lulluɓe shi da zane, ya kakkaɓe garin katako daga rigarsa. Gidajen duk ya san su, ya taɓa zama a ƙofar kowanne. Ya sa kwaɗo a shagon da aikin gado huɗu ke jira.

"Saura gida shida," ya ce.

Ta jefa wayar a jaka, ta rungumi littafin, ta bi bayansa.