Labarin da na ba Mama bayan abincin rana

Tun ina yarinya a Kano ake ce min rediyo, kuma ban taɓa jin haushi ba. Idan na kalli fim ɗin Indiya a maƙwabta, washegari duk matan gidanmu sai sun gan shi a bakina, daga muryar jarumi har kukan da uwarsa ke yi tana dukan ƙirji. Da wannan bakin na zo New York, sai na tarar babu mai lokacin sauraro. Ɗana yana wata jiha, da na ɗauko labari a waya zai ce, "Mummy, I'm driving." Ɗakina na Highbridge kuwa tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke.

Aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Wata shekara aka tura ni Jamaica, can Queens, wajen wata tsohuwa 'yar Indiya da shanyewar ɓarin jiki ya zaunar. Mama nake ce mata. Ɗanta yana aiki a filin jirgi, matarsa ma tana fita, daga ni sai ita har yamma. Turancinta a karye yake, nawa ma ba a magana. Wata rana ina shafa mata man kwakwa a gashi na ɗauko wata tsohuwar waƙar fim. Ta yi dariya har da tari, ta ce ko kalma ɗaya ban faɗa daidai ba, amma in sake.

Idonta ya yi rauni, ba ta ganin talabijin. Sai muka samu tsari. Ni zan kalli fim mai fassarar Hausa a wayata cikin jirgin ƙasa, tunda tafiyar ba kaɗan ba ce, bayan abincin rana kuma in tsaya a tsakiyar falo in yi mata shi. Tana gyara min sunaye, tana ce min maƙaryaciya idan na ƙara gishiri. Ba zan ɓoye ba, a duk garin nan wannan sa'a ɗaya ce nake jin ni mutum ce.

Wata ƙawata 'yar Zangon Kumasi ce ta turo min wani sabon fim. A saƙon murya ta ce, "Sister, wannan babu rawa o, politics ne zalla. Indiyawa suna ta faɗa a kai, wasu sun ce true story, wasu sun ce ƙarya ne." Na ji maganar faɗan, ban dai sa ta a raina ba. Mu fa a wajenmu Indiya ƙasa ce ta cikin akwatin talabijin. Shekara da shekaru ina kallo, bai taɓa zuwa kaina ba cewa garuruwan fim suna da layukan da mutane ke kwana a ciki su tashi.

Jarumin ɗan jarida ne mai tono wani tsohon rikici. Fim ɗin ya nuna mutanen wata unguwa ne suka ƙulla komai, har suna ɓoye makamai a shagunan teloli. Mai fassara kuwa ya samu abin yi, da sun fito sai ya ce, "Ga tsinannun nan!" Na yi dariya ni kaɗai a jirgi har wani Bature ya matsa.

Ranar na zage. Na rataya tawul a kafaɗa na zama ɗan jarida, na ɗaure fuska na zama minista. Da na zo inda aka cinna wa layin teloli wuta, sai na tafa hannu na ce Allah ya ƙara.

Mama ta ce, "Wane gari kika ce?"

Na maimaita mata, ina jin daɗi na riƙe sunan.

Ta daɗe tana kallon hannunta da ba ya motsi. Sannan ta ce, "Ƙanena tela ne a wannan layin. Keken ɗinki gare shi da almakashi. Ba mu samu gawarsa ba." Ta ɗago kai. "Ke kuma kin tafa."

Na durƙusa a gaban keken guragun da take zaune a kai kamar yadda ake yi wa babba a gida, tawul ɗin yana nan a kafaɗata. Na ce, "Mama, ki yafe min, wallahi ban sani ba." Ta ce ta yafe, ai ba ni na yi fim ɗin ba. Da yamma ɗanta ya gaya min cewa makonni ke nan yana ɓoye mata zancen fim ɗin, ko 'yan uwa suka kira sai ya gargaɗe su. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi.

A hanyar gida raina ya ɓaci da kowa, da masu fim, da mai fassara da bakinsa mai kama da nawa. Na kira ƙawata na gaya mata. Ta ce, "Ah, sister, film ne fa, why kike damuwa?" Na kashe wayar. Har yau ban san me ya faru a wancan garin ba, ban karanta tarihinsu ba, ba ni da bakin cewa ga mai gaskiya. Tela ɗaya kawai na sani.

Mama ba ta sa an canja ni ba. Na ci gaba da yi mata wanka, ina ba ta magani, ina shafa mata man kwakwa, tana ce min na gode kamar yadda take ce wa mai kawo wasiƙa. Sau ɗaya na gwada ɗauko waƙar nan, ta ce kanta na ciwo. Watanni muka yi a haka kafin 'yarta ta zo ta tafi da ita wata jiha.

A waɗannan watannin, kullum idan na kwashe kwanukan rana, sai ta ce, "Juya ni wajen taga." In juya ta, in koma kicin in zauna, ina kallon agogon murhu har sa'ar tamu ta wuce.