Sunan da Kika Bari a Bakina

Ranar Talata, 12 ga Agusta, tsakiyar hunturunmu, da hantsi, ƙanena Aliro ya shigo mini da dusar ƙanƙara a kafaɗa, ko takalmi bai kakkaɓe ba, ya ce, "Yaya Eliana, Goggo ta tafi." Haka rasuwarki ta same ni, Goggo Leontina, ina tsaye da butar shayi a hannu. Kin cika a ɗakinki a ƙauyenmu Ukika kina da shekara tamanin da bakwai, da kwandon da ba ki gama saƙawa ba a cinyarki.

Na rubuta Leontina ba da fargaba ba, don ke kika ba mu izini. Kin sha cewa, "Wannan suna, limamin coci ne ya liƙa mini. In na mutu ku yi ta kiransa har muryarku ta dishe." Sunanki na gaskiya daban ne. A cikin kwale-kwale aka haife ki, a wani lungun teku can kudu, aka sa miki sunan wurin yadda mu 'yan ƙabilar Yagan muka saba. Babu shi a taswira, kuma duk wanda ya san shi ya riga ki tafiya. Mu kuwa in mutum ya mutu, ba a ƙara furta sunansa.

Ke kika koya mini gasa ciyawar fadama a bakin wuta har ta yi laushin saƙa. Da na kawo miki kwandona na farko kika juya shi, kika ce, "Wannan kwando ne, ko sheƙar tsuntsun da ya sha giya?" Amma a cikinsa kika ajiye alluranki har kika bar duniya. Shekarar da jirgin mijina bai dawo daga kamun ƙaguwa ba, wata guda kina kwana gidana kina hura mini wuta. Ba ki ce in yi haƙuri ba. Kin dai koya wa 'ya'yana su riƙa cewa "wanda ya tafi teku". Shekara goma sha tara ke nan sunansa bai fito daga bakina ba, kuma wallahi wannan shirun ne ya riƙe ni.

A watan Afrilu wani dattijo ya haye ruwa ya zo wurinki, jikan wata 'yar ƙabilar Selk'nam, maƙwabtanmu, yana cigiyar sunan kakarsa na asali. Ba ki san shi ba. Kin ciyar da shi gasasshen kifi, kin raka shi ƙofa, kika dawo jiki a sanyaye kina cewa, "Su bindiga ta kwashe su, mu ƙyanda. Ga shi ko suna bai samu ba." Sai kika ja kunnena kika raɗa mini naki sau uku. Kika ce, "Tunda za ki asibiti a birnin Punta Arenas, ki kai wa jikata Yasna da ke can sunan nan tun ina numfashi. In na mutu, bakinki ya rufu."

Na je, Goggo. Kwana uku na yi a gidan Yasna, sunan yana bakina, na hana shi fita. Gani na yi ya fi kyau ta ji daga gare ki a Disamba, in hunturu ya wuce, Aliro ya ɗauke mu a jirginsa mu nemi wurin. Da na dawo na gaya miki dabarata, sai kika ce, "Ke da Disamba kun yi alkawari ne?" Na yi dariya. Kaicona da wannan dariya.

Bayan an binne ki, Yasna ta kama hannuna, ga ta da tsohon ciki. Ta ce, "Inna, an ce kin sani. In mace na haifa, ina so ta san inda muka fito. Ko rubutawa ki yi." Na ɗauki biro, na sake ajiye shi. Aliro ya ce, "Haba Yaya, faɗi mana, wa zai kama ki?" Babu mai kama ni. Amma in na faɗa, na karya abin da kika riƙe har ƙarshe, wanda kika raya ni da shi. In na yi shiru, na binne lungun nan tare da ke. Na rasa na zaɓa, kuma wadda zan tambaya ita ce ke.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya sada ki da waɗanda suka san sunanki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yasna da dangi duka da mutanen Ukika. Allah ya ba mu dangana, ya sauki Yasna lafiya, ya yafe mini jinkirina.

Kullum da safe ina maimaita sunanki na gaskiya a zuci sau uku, baki a rufe, don kada ya kuɓuce mini. Jiya na tsaya a tsakiyarsa, Goggo. Na daɗe kafin ragowar sunan ta dawo mini.